Kuregen da Ya Gagari Arnold Shinton

A garin Willenhall aka haifi Arnold Shinton, a wani layi da ke bayan shagunan maƙera, inda ƙarar magagari kan tashi mutane tun agogo bai kaɗa ba. Kakansa kwaɗon kulle ƙofa yake ƙerawa, ubansa ma haka, su biyun kuma da ƙusumbi suka tsufa saboda sunkuyo a kan teburin aiki. Shi ma yana barin makaranta, ko gemu bai tsiro masa ba, uban ya kama shi ya kai shi masana'antar da yake aiki, ya ce wa shugaban ma'aikata, “Ga shi nan. Kansa dai ban sani ba, amma hannunsa nawa ne.”

Hannun kuwa ya yi kyau. Arnold ba mai magana ba ne. In ana musun ƙwallo ko siyasa a kulob ɗin ma'aikata, nasa ɗaga kafaɗa da kurɓar giya. Amma a miƙa masa kwaɗon da ya ƙi buɗuwa, nan take fuskarsa za ta saki, ya juya shi, ya kara a kunne, ya yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro.

A masana'antar ya haɗu da Norma, tana sashen jera mabuɗai a kwali. Ranar da suka fara magana, leƙa abincinsa ta yi, ta ce, “Kai kullum burodi da kitse? Ba ka da uwa ne?”

Ya ce, “Ina da ita. Ita ta shafa.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Haka zamansu ya tafi har tsufa, ita da baki, shi da shiru. 'Yarsu ɗaya, Gillian, wadda ta yi karatu ta zama malamar makaranta a Shrewsbury. Yana kiran Norma “yarinya” tun suna samari, bai kuma daina ba har gashinta ya yi fari fat. Ita kuwa “Arnie” take ce masa in ana zaman lafiya. In ya ji “Arnold”, ya san akwai magana.

Yana gab da shekara sittin masana'antar ta rufe, aikin ya koma ƙasashen da hannu yake da araha. Ya kama wata 'yar rumfa a kasuwa yana yanka mabuɗai, har gwiwoyinsa suka gaji da tsayuwa, ya tattara kayansa ya dawo gida. Daga nan zama ya same shi. Ya gyara duk abin da ke motsi a gidan, har da waɗanda ba su lalace ba. Norma ta buga wa 'yarta waya ta ce, “Ki zo ki samo wa ubanki abin yi. Jiya na same shi ya kwance injin gasa burodi, wai yana so ya ga cikinsa.”

Shi ne Gillian ta zo masa da kyauta ranar zagayowar haihuwarsa: wata doguwar gorar roba mai 'yan ƙofofi a gefe, da buhun tsaba, da na gyaɗa. Ta ce a rataye a bayan gida, tsuntsaye su riƙa zuwa ci.

Arnold ya juya gorar, ya ce, “Yanzu har tsuntsu sai an ciyar da shi?”

“Baba, ka dai rataye.”

Ya rataye ta a turken igiyar shanya don kada ranta ya ɓaci. Bayan gidan nasu dogo ne siriri, da shingen katako hagu da dama, can ƙarshe kuma manyan itatuwa ne da suka rufe tsohon layin dogo. Kwana biyu ba abin da ya zo. Sai ga gwara, sai ga wasu ƙanana masu shuɗin kai da rawayar ƙirji suna reto a kife. Wani mai jan ƙirji ya zo yana tsintar abin da ya zuba a ƙasa, yana korar kowa kamar filin ubansa ne. Kafin wata ya ƙare, Arnold ya ja kujerarsa zuwa tagar kicin. Shayinsa kan huce a hannu. Ya san wanda ke zuwa da sassafe, ya san wanda ke jira sai an watse. Wata safiya da maƙwaƙƙwafi mai jan ƙeya ya sauka a kan gyaɗar, sai ya kama hannun Norma ya matse har tsuntsun ya tashi.

Da ganye ya fara zuba, kurege ya iso.

Ta kan shinge ya biyo, ruwan toka, da ƙatuwar jela da kunne ɗaya a yage. Ya tsaya ya dubi gorar, ya dubi tagar, sannan ya hau turken kamar an kafa shi dominsa. Ya maƙale da ƙafafun baya, kansa a ƙasa, ya yi ta ɗura. Tsuntsayen suka watse suka hau itatuwa suna tsiwa. Arnold ya buga gilashin taga. Kuregen ya ɗago, ya kalle shi yana tauna, ya ci gaba. Washegari aka tarar ya gatse ƙofofin robar, ya mayar da su ƙaton rami, tsabar duk ta tsiyaye a kan ciyawa.

Norma ta ce, “Ka samu ɗan haya, Arnie. Ka tambaye shi ko yana son madara a shayinsa.”

Arnold bai yi dariya ba. Ya shiga ɗan ɗakin katakon da yake ajiye kayan aikinsa, ya kunna fitila, ya share ƙurar teburin. Gaskiyar magana, ransa ya yi fari a ranar, domin ya daɗe bai samu abin da ya buƙaci hannunsa da gaske ba. Ya naɗe gora da ragar ƙarfe, ya yi mata murfin gwangwani mai sakata. Ya kafa mata sandar ƙarfe a tsakiyar fili, nesa da shinge. Kuregen ya hau sandar. Arnold ya shafe sandar da giris. Kuregen ya yi tsalle, ya kama, ya sulalo ƙasa a hankali da idanu a zare, Norma na kallo tana dariya har da hawaye. Ya sake hawa, ya sake sulalowa. Bai fasa ba sai da ya goge giris ɗin tas da gashin cikinsa, sannan ya haye ya zauna.

Maƙwabcinsu na dama, Gurmit Sandhu, tsohon direban bas ne mai farin gemu da shuɗin rawani, wanda ke shuka alayyafo da tafarnuwa a inda wasu ke shuka fure. Ya jingina da shinge yana kallon wannan kai-komo, ya ce, “Mutumina, kana wahalar da kanka. Barkono za ka sa. Tsuntsu ba ya jin yaji, shi kuwa wannan ɗan iskan yana ji. Bari in karɓo maka na uwargida, wanda ko ni sai na yi addu'a nake ci.”

Aka garwaya tsaba da jan barkono. Su biyu suka tsaya a bakin shinge suna jira. Kuregen ya zo ya ɗanɗana, ya yi atishawa, ya goge hanci da hannu biyu, ya sauka ya ruga. Gurmit ya buga kafaɗar Arnold. Ba su gama murna ba sai ga shi ya dawo, bakinsa a jiƙe, ya sha ruwa a kwanon wankan tsuntsaye. Ya ci, ya sauka ya sha ruwa, ya koma ya ci.

Gurmit ya shafa gemu ya ce, “Kai, wannan ɗan garinmu ne. A Jalandhar aka haife shi.”

Haka aka yi ta yi. Arnold ya ja waya daga bangon gida zuwa turke, ya rataye gorar tsabar a tsakiya, ya zura wasu gorunan roba a jikin wayar don su riƙa juyawa in an taka. Kuregen ya faɗo sau da yawa, daga baya ya gane in ya ruga da gudu gorunan ba sa samun damar juyawa. Arnold ya mayar da gorar kan sandar, ya yi wa sandar wata hula mai kamar kifaffen kwano. Kuregen ya hau rufin ɗakin katakon ya diro ta sama. Arnold ya matsar da sandar. Kuregen ya hau reshe. Arnold ya sare reshen. Rannan da safe suka tashi ba gora ba dalilinta. Sai can wajen layin dogo Arnold ya tsinto ta cikin ƙaya, an zare ta daga ƙugiya, an buɗe sakatar, an cinye.

Ya daɗe a tsaye da gorar a hannu. Sakatar ce ta fi ci masa rai, don shi ya yi ta.

Sai ya ƙudura zai yi wadda za ta kawo ƙarshen magana: gora mai rufe kanta. Tsuntsu ba shi da nauyi, in ya sauka ƙofa na buɗe. In kurege ya ɗora nauyinsa, sifirin, wato 'yar naɗaɗɗiyar wayar nan mai miƙewa ta koma, ya ja, ƙarfe ya sauko ya toshe ƙofofin. Ya ga irinta a shago, ya ce aikin banza ne, zai yi wadda ta fi ta. Duk tsarin yana cikin kansa, tsaf, har da inda kowane ɗan ƙusa zai shiga.

A wajen wannan aikin ne ya fara lura da hannunsa na dama. Ya ɗauki ɗan sifirin zai zura a gurbinsa, sai babban yatsa da manuni suka riƙa murza juna su kaɗai, kamar mai murza zare. Sifirin ɗin ya fice ya faɗa ƙarƙashin tebur. Ya ce sanyi ne, ya hura hannun, ya sake ɗaukar wani. Shi ma ya fice. Ya danne hannun da ɗayan a kan tebur, ya tsaya yana kallonsa. Da ya saki, ya ci gaba da rawa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya koma sa hannun a aljihu, ya koma shan shayi da hagu. Ya ɗauka ya ɓoye. Wata Juma'a suna cin kifi da soyayyen dankali, Norma ta ajiye cokalinta ta ce, “Arnold.”

“Me na yi?”

“Na karɓo maka ranar ganin likita. Talata.”

“Lafiyata ƙalau.”

“Tun kafin Kirsimeti nake wanke shayi a gaban rigunanka. Ka ɗauka makauniya ka aura?”

Ya dubi farantinsa. Can ya ce, “Gorar nan ce ban gama ba, yarinya.”

Ta ce, “Na sani.”

Daga likitan unguwa aka tura su babban asibiti. Wata matashiyar likita ta sa shi ya yi tafiya a baranda, ya taɓa hanci, ya buɗe hannu ya rufe. Ta ce ciwon karkarwa ne, wanda ake kira Parkinson. Akwai magani mai rage shi, babu mai tsayar da shi. Ta yi magana a hankali, tana kallon idonsa. Arnold ya gyaɗa kai ya yi godiya. A cikin bas, suna dawowa, ya ce wa Norma, “Tana da kirki.”

Maganin ya ɗan taimaka. Akwai safiyar da hannun kan kwanta, ya yi sauri ya shiga ɗakin katako, amma kafin ya jera kayan, ya nemo gilashin idonsa, rawar ta dawo. Gorar ƙarfen tana kwance a kan tebur, cikinta a buɗe, saura abu kaɗan. Ya san abin da ya rage. Yana ganinsa ƙarara. A waje kuwa kuregen na kan tsohuwar gorar yana ci son ransa, tsuntsayen sun ragu, maƙwaƙƙwafin ma ya daina zuwa.

Da ganye ya fara tsirowa, ya je shagon kayan lambu ya sayo tarko, irin kejin wayar nan mai ƙofa da ke faɗowa. Norma ta ga shigowarsa da shi, ta ce, “In ka kama shi fa?”

“In shiga bas da shi, in kai shi can dajin Cannock in sake shi. Ya je ya dami wasu.”

Ya shafa man gyaɗa a ciki, ya ajiye a gindin shinge. Bai ɗauki lokaci ba. Suna karin kumallo suka ji ƙarau. Arnold ya fita da silifas. Ga kurege a keji, yana zagaye kamar zai haukace, yana cizon waya, yana wani irin kuka mai kamar tari. Hancinsa har ya fashe da jini. Da Arnold ya matso, sai kuregen ya takure a lungu, ƙirjinsa na sama da ƙasa.

Norma ta buga wa Gillian waya tana ba ta labari, sai ta fito da wayar a hannu ta miƙa masa. “Ungo. Tana da magana.”

Gillian ta ce, “Baba, kada ka kai shi ko'ina. Doka ta hana. Irin wannan mai ruwan tokar baƙo ne a ƙasar nan, ɓarna yake yi, in ka kama shi ba ka da izinin sakinsa, ko a daji ko a gida.”

“To in yi yaya da shi?”

“Sai dai a kashe shi. Kuma ba a yarda a nutsar da shi a ruwa ba. Bugu ɗaya a ka, ko a harbe, ko ka kira masu wannan aikin. Baba, me ya sa ba ka tambaye ni ba kafin ka sayo?”

Ya miƙa wa Norma wayar. Ya leƙa ta kan shinge ya kira Gurmit, wanda ke durƙushe cikin tafarnuwarsa. Gurmit ya ji bayani, ya ɗaga hannu biyu. “A'a, mutumina. Ni ko ƙwai ba na ci, balle nama, balle in kashe rai. Ka ce in gyara maka shinge, in kai ka asibiti, duk zan yi. Wannan kam ba ni.”

Arnold ya shiga ɗakin katako ya ɗauko guduma da tsohon buhu. An ce akan juye shi cikin buhu, a matse shi a lungu, a buga. Ya tsaya a kan kejin. Gudumar na rawa a hannunsa, kanta na kaɗawa hagu da dama. Ya mayar da ita hagu, ya ga hagun ba ta san aikin ba. Ya tabbata in ya buga ba zai samu kan ba. Zai karya masa ƙafa ne, ko baya, ya sake bugawa, ya sake. Ko da ma hannun lafiya yake, bai san ko zai iya ba. Tun da yake a duniya bai taɓa kashe abin da ya fi ƙuda ba.

“Arnie,” in ji Norma daga bakin ƙofa. “Dubi can.”

Ya juya. A kan gorar akwai kurege yana ci. Wani kuma na zaune a kan shinge yana jiran layi, shi ne mai yagaggen kunnen. Arnold ya sunkuya ya duba na cikin kejin. Kunnuwansa biyu lafiya lau. Duk watannin nan ya ɗauka da guda ɗaya yake faɗa.

Ya ajiye gudumar a kan ciyawa. Ya durƙusa da ƙyar zai ɗaga ƙofar kejin. Akwai ɗan maƙalin da sai an danna da yatsa ɗaya a ja da ɗaya. Ya gwada, yatsun suka zame. Ya sake, kejin ya yi ta ƙara saboda rawar hannunsa, dabbar ta ƙara firgita ta yi kan yatsunsa, ya janye. Yana nan durƙushe, ya kasa kashewa, ya kasa saki, ya kuma ga tashi ma sai an taimake shi.

Norma ta fito sanye da safar hannun da take ɗauko tire daga tanda. Ta ce, “Matsa.” Ta danna, ta ja. Kuregen ya fice kamar an harba shi, ya haye shinge ya ɓace. Ta cire safar, ta kama Arnold ta hammata ta ɗaga shi, tana nishi.

“To, mun karya doka da tsufanmu,” in ji ta. “In 'yan sanda sun zo, kai zan nuna.”

Daga ranar bai ƙara ƙulla wata dabara ba. Ya ci gaba da cika gorar kowace safiya, rabi a ciki, rabi a ƙasa. Su kurege su ci su ƙoshi, abin da ya saura tsuntsaye su samu. Wani lokaci yakan buga taga, amma ba da ƙarfi ba. Tafiyarsa ta koma gajerun taku, yana jan ƙafa. Muryarsa ta shige ciki, har Norma kan ce, “Ɗaga murya, ba a coci muke ba.” Ta ce ya bar mata zuba tsabar. Ya ƙi. Ya ce abu ɗaya ke nan da ya rage yana yi a gidan.

Sanyin shekara ta biyu ya zo da ƙarfi. Wata Alhamis Norma ta tafi gyaran gashi, ta ja masa kunne kada ya fita, don daɓen bayan gida ya yi ƙanƙara. Ya zauna a taga yana kallon gorar wayam, ƙananan tsuntsayen na sauka suna leƙa ƙofofin suna tashi. Ya jure iya jurewarsa. Sannan ya sa kwat, ya ɗebi tsaba a kwano, ya buɗe ƙofa.

Bai kai rabin hanya ba ƙafafunsa suka ƙi ɗaguwa, kamar an manne su, jikinsa kuwa ya riga ya yi gaba. Ya faɗi ta gefen dama. Ya ji abu ya ɓalle a kwatangwalonsa, zafin ya ɗauke masa numfashi. Kwanon ya gangara, tsabar ta watsu kewaye da shi.

Ya yi ƙoƙarin juyawa, ya kasa. Ya kira Gurmit. Abin da ya fito daga bakinsa ko shinge bai kai ba. Kuncinsa na kan daɓe, sanyi na ratsa shi. Ya kwanta yana kallon ciyawa da ta daskare, yana jin motoci na wucewa a titi, mutane na harkarsu.

Can sai ya ji ƙaraf-ƙaraf a kan shinge. Kurege ya sauko, ya tsaya, ya miƙe a kan ƙafafun baya yana dubansa. Ya matso kaɗan, ya tsaya. Da ya ga mutumin ba ya motsi, sai ya zauna kusa da fuskarsa, inda da hannu zai iya kaiwa, ya ɗauki tsaba da hannu biyu yana ɓarewa. Arnold bai taɓa ganinsa kusa haka ba. Yatsunsa dogaye ne, sirara, suna juya ƙwayar da sauri, ba kuskure. Arnold ya yi ta kallon yatsun. Ya ce, “Tafi,” amma ko shi bai ji kansa ba. Mai jan ƙirji ma ya sauko ya ci nasa ta wajen ƙafafunsa.

Matar Gurmit ce ta hango shi daga tagar bene, ta ƙwalla ihu. Gurmit, da shekarunsa, ya taka bokiti ya haura shingen, rawaninsa ya karkace. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe shi, ya zauna a ƙasa ya tallafi kansa har motar asibiti ta zo. Yana ta cewa, “Kai dai ba ka ji, mutumina. Ba ka ji ko kaɗan.”

Aka yi masa aiki a ƙashin. Ya daɗe a asibiti, ya fito da ƙarfen dogarawa. Ɗakin kwanansu da banɗaki duk a bene suke, kuma kowa ya ga ba zai ƙara hawa matakala ba. Gillian ta yi ta zirga-zirga, ta samo musu ɗaki a wani gidan tsofaffi da ke kusa da tsakiyar gari, hawa na biyu, da na'urar hawa da igiyar da ake ja a kira taimako in an faɗi. Ta zaunar da su ta yi bayani tana kuka. Norma ta yi faɗa, ta ce ba inda za ta, sannan ta tashi ta fara naɗe kwanuka da jarida. Arnold ba wanda ya ji ta bakinsa. Wasu matasa masu jariri suka sayi gidan. Kayan aikinsa aka ba wani shago mai sayar da tsofaffin kaya don taimakon mabuƙata.

Ɗakin yana da ɗumi, yana da tsabta. Tagar na kallon wurin ajiye motoci da wata 'yar bishiya guda. Ranar da suka tare, mai kula da gidan, wata mata mai fara'a, ta zagaya da su tana nuna musu abubuwa. Arnold ya tambaye ta, a hankali, ko akwai inda mutum zai rataya 'yar gorar tsaba.

Ta ce, “Ayya, Mista Shinton, ba a yarda ba. Ɓeraye yake jawowa. Ka yi haƙuri, ba ni na kafa dokar ba.”

Ya ce, “Ba komai.”

Gurmit kan shigo bas ya zo duba su, da samosa a leda. Shi ya karɓi tsohuwar gorar ya rataye a nasa bayan gidan. Wata ziyara Arnold ya tambaye shi labarinta. Gurmit ya yi dariya ya ce, “Wace gora? Sun cire mata gindi. Na ɗaure da waya, sun kwance. Yanzu har tafarnuwata suke tonewa suna binne gyaɗa a wurin. Ka bar min gado, mutumina.”

Arnold ya gyara zama. Ya ce ai ba waya ake sawa ba, akwai yadda ake yi. Ya fara bayanin sifirin da ƙarfen da ke saukowa, muryarsa na ɓacewa tana dawowa. Gurmit ya kara kunne yana gyaɗa kai, a fili yake bai gane ba. Arnold ya ce a ba shi abin rubutu. Norma ta yago bayan kwalin biskit ta ba shi da biro. Ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana zana. Layin da ya so ya miƙe ya fito a karkace, da'irar ta ƙi haɗuwa, biron ya huda kwalin a wuri biyu. Ya tsaya ya dubi abin da ya zana.

Gurmit ya miƙa hannu ya karɓa, ya duba da kyau, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Ya ce, “Zan gwada.”

Norma ta shigo da shayi. Na Gurmit a kofin tangaran, na Arnold a kofin roba mai murfi da hannu biyu. Ta ajiye masa, ta gyara bargon da ke kan gwiwarsa, ta ce wa Gurmit ya ci samosarsa da kansa, su sun ci abinci.